Gadon Ciwon Zuciya da Lissafin da Ke Gaban Abuja

ABUJA — Tun bayan da aka dawo da hedkwatar ƙasa daga Legas zuwa Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, birnin ya tara wani rukunin jama'a daga kowane lungu na Nijeriya: manyan ma'aikatan gwamnati, ma'aikatan bankuna, 'yan kwangila da 'yan kasuwa, waɗanda suke wuni a zaune, su tafi aiki a mota su komo a mota, abincinsu kuma ya ƙaru da mai da gishiri da sukari. A cikin wannan rukuni ne akan ji labarin magidanci ɗan shekara 50 da 'yan kai wanda ya yanke jiki ya faɗi a ofis, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Idan aka zo zaman makoki, ba a rasa wanda zai ce ai haka mahaifinsa ma ya tafi.

Wannan magana ta zaman makoki tana da ƙamshin gaskiya, kuma kimiyyar zamani ta tabbatar da wani ɓangare nata. Sai dai yanzu maganar ta zama haja. Kamfanoni a Turai da Amurka suna sayar da awon ƙwayoyin gado da aka ce yana nuna wa mutum haɗarin da yake ciki na kamuwa da ciwon zuciya, kuma duk hajar da ta samu kasuwa a can, ba ta daɗewa kafin ta iso Abuja. Saboda haka ya kamata masu tsara kasafin kuɗi, kamfanonin inshora da magidanta su san abin da wannan awo yake iyawa da abin da ba ya iyawa, kafin a fitar da kuɗin waje a kansa.

Cutar da ake magana a kai ita ce toshewar jijiyoyin da suke kai wa ita kanta zuciya jini. Kitse, musamman irin wanda likitoci suke kira kolestarol, yana taruwa a jikin bangon jijiya shekara da shekaru, hanyar jini ta riƙa ƙuntata. Ranar da tarin ya fashe jini ya daskare a wurin, sai hanya ta toshe gaba ɗaya, ɓangaren zuciyar da ke shan jini daga nan ya fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato kashi 32 cikin 100 na dukkan mace-macen duniya a wannan shekara, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Binciken da aka yi a kan tagwaye a ƙasar Siwidin ya nuna cewa gado yana ɗauke da tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen mutuwa ta wannan cuta, kuma tasirinsa ya fi ƙarfi ga waɗanda cutar ta kama da sauran ƙuruciya. Gadon kuwa iri biyu ne. Akwai na ƙwayar gado guda ɗaya mai ƙarfi, wadda ita kaɗai ta isa ta cika jini da kolestarol tun daga haihuwa. Akwai kuma na tarin ƙananan sauye-sauye, kowanne da ɗan abin da yake ƙarawa, sai an haɗa su ne nauyinsu yake bayyana. Ya zuwa shekarar 2022 masana sun gano fiye da gurbi 250 na wannan iri na biyu, kuma a kan jimlar irin waɗannan sauye-sauye ne kamfanoni suke gina makin da suke sayarwa.

Rabon gado ya bambanta

Abin da ya fi muhimmanci ga Nijeriya shi ne cewa wannan gado bai rabu daidai a tsakanin al'ummomin duniya ba. Yawan kolestarol na gado, wanda Michael Brown da Joseph Goldstein suka samu kyautar Nobel a 1985 saboda gano asalinsa, yana samun kusan mutum 1 cikin 250 zuwa 300 a duniya. Amma a tsakanin Turawan Afirka ta Kudu masu jin harshen Afirkans, adadin ya kai tsakanin 1 cikin 70 da 1 cikin 100, domin sun fito ne daga 'yan tsirarun iyalai da suka fara sauka a can tun daga 1652, suka daɗe suna auratayya a tsakaninsu. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, ɗa yana iya gadon ta riɓi biyu, zuciyarsa ta kamu kafin ya cika shekara 20. Wannan batu ne da ya kamata likitoci su riƙa lura da shi a duk inda auren zumunta ya yawaita, har da ƙasar Hausa.

A Kudancin Asiya, wato Indiya, Pakistan, Bangaladash da maƙwabtansu, wani babban bincike mai suna INTERHEART da aka gudanar a ƙasashe 52 ya nuna cewa matsakaicin shekarun da cutar take fara kayar da mutum 53 ne, alhali a sauran ƙasashe kusan 59 ne. Shekara 6 a tsakiyar ƙarfin mutum ba ƙaramar asara ba ce ga iyali ko ga masana'anta. A Gabashin Asiya kuwa matsalar ta fito ta wajen magani. A shekarar 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa maganin hana daskarewar jini mai suna clopidogrel ba ya aiki sosai a jikin wasu mutane saboda gado, ta kuma ƙiyasta su da kashi 2 cikin 100 na Turawa, kashi 4 na baƙar fata, da kashi 14 na Sinawa.

Ga mutanen Afirka da zuriyarsu, hoton ya sha bamban da na kowa. Gurbin da ya fi shahara a wannan fanni, wanda ake kira 9p21, an gano shi ne a 2007 a tsakanin Turawa, kuma ana ɗaukarsa mafi ƙarfi cikin ƙananan sauye-sauyen. Amma wani bincike da aka buga a 2022, wanda Catherine Tcheandjieu, 'yar asalin Kamaru, ta jagoranta a kan tsofaffin sojojin Amurka, ya nuna cewa tsarin da ke raba mai haɗari da maras haɗari a wannan gurbi kusan babu shi a jikin masu asalin Afirka. A ɗaya ɓangaren kuma, wani nau'in kitsen jini da ake kira Lp(a), wanda gado ne kusan kaɗai yake yanke yawansa, kuma sauya abinci ba ya rage shi sosai, ya fi yawa a jinin masu asalin Afirka fiye da na Turawa. Ma'ana, alamar da ake nema a jikin Bature ba lallai a same ta a jikin Bahaushe ba, wadda kuma take jikin Bahaushe ba lallai awon ya ba ta nauyin da ya dace ba.

Ma'aunin aro

Dalilin wannan giɓi a fili yake, kuma dalili ne na kuɗi. Bincike yana bin inda jari yake. Wani nazari da aka buga a 2019 ya gano cewa kashi 79 cikin 100 na mutanen da aka yi amfani da jininsu a manyan binciken ƙwayoyin gado Turawa ne, alhali Turawa kashi 16 ne kacal na jama'ar duniya. Nazarin ya gwada irin wannan maki a kan siffofi da dama na jiki da na jini, sai aka ga ingancinsa a jikin masu asalin Afirka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na ingancinsa a jikin Turawa ba. Abin mamaki kuwa, Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa. A 2020, nazarin mutum 426 kawai daga ƙasashen Afirka 13 ya fito da sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubuta su ba.

Ko a cikin ɗan abin da aka tattara daga Nijeriya, rabon bai yi daidai ba. Shirin taswirar gado na duniya da aka fara a 2002 ya ɗauki jinin Yarbawa 90 daga Ibadan, shirin da ya biyo bayansa kuma ya ƙara da mutanen Esan na Jihar Edo. Babu Bahaushe, Bafulatani, Babarbare ko Banufe a cikin waɗannan tarin guda biyu, waɗanda masana a duniya suka daɗe suna dogaro da su a matsayin wakilan Afirka ta Yamma. Saboda haka ɗan kasuwar Kano ko ma'aikacin Abuja da ya biya dala aka ba shi maki, an auna shi ne da mudun wata kasuwa. Makin yana iya tsorata mai lafiya ya shiga kashe kuɗi a banza, yana kuma iya kwantar wa mai haɗari hankali ya ci gaba da sakaci. Dukkan biyun asara ce.

Wani kuskuren da ya fi wannan tsufa shi ne cewa baƙar fata ba ya kamuwa da wannan cuta. Gaskiya ne a shekarun 1960 da 1970 likitocin asibitin koyarwa na Ibadan ba su cika ganin ta ba, kuma har yanzu ba ita ce kan gaba ba. Rajistar masu ciwon zuciya da Farfesa Dike Ojji da abokan aikinsa suka tattara a asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, wadda aka buga a 2013 da majiyyata 1,515, ta nuna cewa hawan jini ne babban abin da ke gajiyar da zuciya a birnin, toshewar jijiya kuwa ƙalilan ce. Amma wata rajistar ta ƙasa baki ɗaya, wadda Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranta tsakanin 2013 da 2018, ta ƙirga mutum 1,072 da toshewar ta kayar, matsakaicin shekarunsu 59, kuma kusan 4 cikin kowane 5 suna da hawan jini. Waɗannan su ne waɗanda suka samu isa manyan asibitoci. Wanda ya mutu a gida aka binne shi kafin la'asar ba ya shiga kowace rajista.

Sai bango ya tsage

Idan gado ne kaɗai yake yanke hukunci, da babu abin da gwamnati za ta iya yi sai jaje. Tarihi ya nuna akasin haka. A 1997 Richard Cooper da Charles Rotimi, masanin nan ɗan Nijeriya, tare da abokan aikinsu suka auna hawan jini a tsakanin baƙar fata masu tushe ɗaya da ke zaune a wurare daban-daban. Suka samu kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 a Amurka. Asali kusan ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne ƙiba, gishiri da yanayin zama. Haka aka gani a tsakanin Japanawa maza: waɗanda suka zauna a Japan sun fi ƙarancin ciwon zuciya, na Hawai suka fi su, na Kalifoniya suka fi kowa.

Ƙasar Finlan ta ba da misali daga ɗaya gefen. A farkon shekarun 1970 lardin Karelia ta Arewa yana cikin wuraren da maza suka fi mutuwa ta ciwon zuciya a duniya. A 1972 aka fara shirin rage shan taba, rage gishiri da sauya man shanu da man tsirrai, a ƙarƙashin likita Pekka Puska. Cikin shekara 40 mace-macen wannan cuta a tsakanin maza masu ƙarfin aiki suka ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, ba tare da ƙwayar gadon kowa ta sauya ba. Wani binciken da aka buga a 2016 a kan mutum 55,685 ya ƙara tabbatar da haka: a cikin waɗanda gadonsu ya fi muni, masu guje wa taba da ƙiba, masu motsa jiki da kula da abinci, haɗarinsu ya yi ƙasa da na 'yan'uwansu da kashi 46 cikin 100. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne lissafin tattalin arziki ya shigo. Kowace Naira da aka kashe a wani wuri, an hana wani wurin ita. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi a wancan taro, ba ta taɓa kai ko rabin wannan ba, kasonta yawanci yana kewayen kashi 5. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar daga aljihun majiyyaci yake fitowa kai tsaye. Bayan sakin darajar Naira a watan Yuni na 2023, da janyewar kamfanin GSK daga sayar da magunguna da kansa a ƙasar a wannan shekara, farashin magunguna da dama ya tashi ƙwarai. A irin wannan hali, tambayar da ta dace ita ce wane abu ne zai ceci rai mafi yawa da kuɗi mafi ƙanƙanta.

Amsar ba ta da wuya. Kusan mutum 1 cikin 3 na manyan Nijeriya yana da hawan jini, da yawansu ba su sani ba. Binciken SIREN a kan shanyewar ɓarin jiki, wanda aka gudanar a Nijeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya nuna cewa hawan jini ya danne duk sauran dalilai. Gwajin magani da Farfesa Ojji ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, aka buga a 2019, ya gano cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine, magani mai araha da kowane kantin magani yake da shi, ya fi sauke hawan jini a jikin baƙar fata. Daga shekarar 2020 kuma aka gwada tsarin kula da hawan jini a ƙananan asibitoci 60 na Babban Birnin Tarayya, inda ma'aikatan lafiya na unguwa suke awo su ba da magani bisa jadawali mai sauƙi. Na'urar awon jini guda ɗaya tana iya auna dubban mutane, kuɗinta kuwa bai kai na awon gadon mutum ɗaya ba.

Akwai kuma wani awon gado da ba ya cin ko sisi, wato tambaya. Likitan da ya tambayi majiyyaci ko mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu da ciwon zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiyarsa ko 'yar'uwarsa kafin shekara 65, ya samu labarin da ya fito daga jinin gidan kansa, ba daga Turai ba. Idan amsar ta zama e, awon kolestarol na yau da kullum ga dukkan 'yan gida ya isa ya tono mafi yawan masu gadon yawan kitse, magungunan rage shi kuwa, dangin statin, sun daɗe da fita daga hannun masu mallakar fasaha, sun yi sauƙi. Jama'a ma sun riga sun saba da batun gado ta hanyar amosanin jini, har Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Gina wayar da kai a kan wannan tushe ba zai yi wuya ba.

Kura da shan bugu

Wannan ba yana nufin Nijeriya ta juya wa kimiyyar gado baya ba ne. Labarin wata ƙwayar gado mai suna PCSK9 ya isa ya nuna dukiyar da ke cikin lamarin. A 2005 Helen Hobbs da Jonathan Cohen na birnin Dalas suka gano cewa kusan kashi 2 cikin 100 na baƙar fatar Amurka suna ɗauke da wani sauyi da yake kashe aikin wannan ƙwaya, an kuma samu irinsa a Afirka. A 2006 suka nuna cewa masu wannan sauyi kolestarol ɗinsu ya yi ƙasa da kashi 28 cikin 100, haɗarin toshewar jijiya kuwa ya ragu da kashi 88 cikin shekara 15. Kamfanonin magani suka kwaikwayi abin da halitta ta yi a jikin waɗannan mutane, a 2015 aka amince da allurai biyu, Repatha da Praluent, a kan farashin kusan dala 14,000 a shekara a Amurka.

A 2018 aka rage farashin Repatha zuwa dala 5,850. Ko a haka, bisa canjin kusan Naira 1,500 ga dala da aka yi a 2024, kuɗin allurar shekara ɗaya ya kai albashin shekara 10 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a wata. Sirrin ya fito daga jinin zuriyar Afirka, ribar ta tsaya a wani wuri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ba sabon abu ba ne ga ƙasar Hausa. Ƙarnuka da dama jar fatar akuyar Sakkwato da majeman Kano suka jeme tana ƙetare Sahara, a Turai a sayar da ita da sunan fatar Maroko. Gyaɗa da auduga ma ɗanye suka riƙa fita, su komo a matsayin mai da atamfa. Bayanan gado su ne sabon ɗanyen kaya, kuma ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 da ɗaruruwan ƙabilu tana zaune a kan rumbunsa.

An taɓa yin yunƙuri, har sau biyu. Shirin H3Africa, wanda cibiyoyin binciken lafiya na Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ɗauki nauyinsa da fiye da dala miliyan 170, ya kafa rumbunan ajiyar samfur guda 3 a nahiyar, ɗaya daga cikinsu a Abuja a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Ƙwayoyin Cututtukan Ɗan Adam ta Nijeriya. Wa'adin tallafin na shekara 10 ya ƙare a 2022. A ɓangaren 'yan kasuwa kuma, kamfanin 54gene da aka kafa a Legas a 2019 ya tara jarin kusan dala miliyan 45 daga waje, ya sa niyyar tattara samfurin 'yan Nijeriya 100,000, amma a 2023 ya durƙushe. Darasin guda ne a duka biyun: rumbun da aka gina da kuɗin wani, ranar da mai kuɗin ya janye hannu, makomarsa ta shiga duhu. Samfurin jini yana buƙatar sanyi dare da rana, wutar lantarki da ma'aikata, kuma waɗannan ba su jiran sabon tallafi.

Akwai kuma batun kariya. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, dokar kare bayanai ta watan Yuni na 2023 kuma ta sanya bayanan gado cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Abin da ya kamata majalisa ta fayyace a fili shi ne ko kamfanin inshora ko mai ɗaukar ma'aikata yana da ikon neman sakamakon awon gado, ya ƙara wa mutum kuɗi ko ya hana shi aiki a kansa. Amurka ta hana wannan da doka tun 2008 a fannin inshorar lafiya da ɗaukar aiki, ko da yake ta bar inshorar rai a buɗe. Idan ba a toshe wannan ƙofa ba, wanda ya fi buƙatar awo shi ne zai fi gudunsa, kuma za a iya hukunta ɗan Nijeriya da makin da tun asali ba don shi aka ƙera ba.

Abin da ya kamata a yi

Matakan da ke gaban hukumomi a Abuja ba su fi ƙarfin aljihun ƙasa ba, muddin aka jera su bisa tsari. Na farko, kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ya tabbatar da na'urar awon hawan jini da magani a kowane ƙaramin asibiti, tare da sanya tambayar tarihin gida a cikin katin kowane majiyyaci. Na biyu, a aiwatar da dokokin da suke ƙasa: dokar taba ta 2015, ƙa'idar NAFDAC da ta taƙaita gurɓataccen kitse a man girki da kayan gwangwani zuwa giram 2 cikin 100, da harajin kayan zaƙi na kwalba da aka fara da Naira 10 a kan lita a dokar kuɗi ta 2021, wanda hauhawar farashi ta cinye ƙarfinsa.

Na uku, kada a bar kowa ya tallata makin gado a ƙasar sai ya nuna shaidar cewa an gwada shi a kan 'yan Nijeriya, kamar yadda ba a barin magani ya shiga kasuwa ba tare da rajista ba. Na huɗu, a ware wa rumbun samfur na Abuja da asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da takwarorinsu na kudu kuɗi na dindindin a kasafi, domin a bi rukunin mutane daga kowace shiyya na shekaru masu yawa. Karanta gadon mutum na farko ya ci kusan dala biliyan 3 kafin a kammala a 2003, yanzu kuwa ana yin sa da ƙasa da dala 1,000, saboda haka tsadar ta koma wajen bibiya da ajiya, waɗanda Naira ake biya a kansu. Duk yarjejeniya da kamfanin waje kuma ta faɗi a rubuce wanda ya mallaki bayanan, da kason ƙasa, da farashin da za a sayar wa 'yan ƙasa maganin da ya fito daga ciki.

Magidancin da ya faɗi yana da shekara 55 ya tafi da shekarun aikin da suka rage masa, da ƙwarewar da aka kashe kuɗi aka gina, ya bar kuɗin makaranta da hayar gida a wuyan wanda bai shirya ba. Idan ya rayu, sau da yawa sai an sayar da fili ko gona kafin a kai shi Indiya ko Masar. Tarin irin waɗannan gidaje ne yake zama giɓi a tattalin arzikin ƙasa, ko da ba a rubuta shi a littafin kowace ma'aikata ba. Mahaifin da ya mutu haka ya bar wa 'ya'yansa gargaɗi, kuma awon hawan jini da na kolestarol a ƙaramin asibitin unguwa ya isa ya fara amsa shi. Sauran aikin, na gano abin da ke cikin jinin 'yan ƙasa da kare shi daga zama ganimar wasu, yana wuyan Ma'aikatar Lafiya, Ma'aikatar Kuɗi da Majalisar Tarayya, kuma dukkansu a Abuja suke.